Butar da Ba Ta Dafa wa Mutum Ɗaya

Butar gahawar Baba tana da wani hali da ya sha wa gidanmu kai: ba ta dafa wa mutum ɗaya. Buta ce ta alminiyam, doguwa, mai baƙin hannu, ta ɗan lotsa a gefe guda. In ka buɗe ta za ka ga siririn bututu a tsaye a tsakiya, da ɗan kwando mai ƙananan huji a samansa, inda ake zuba ɓarzajjiyar gahawa. A tsakiyar murfin akwai ɗan gilashi kamar kan kwalba. Ruwa ya yi zafi a ƙasa, ya hau ta bututun, ya bugi gilashin, ya zubo kan gahawar, ya tsiyaye ya koma ƙasa, ya sake hawa. Ta gilashin nan ake kallon launin ruwan yana sauyawa har a san lokacin saukewa. Amma sai an cika ta kusan wuya. In ka zuba ruwa kaɗan ba zai hau ba, sai dai gindin butar ya yi ta ƙauri.

Baba ya same ta ne wurin Turawan da suka gina madatsar Kainji. Shi yake tuƙa musu jirgin ruwa mai inji suna yawon aune-aunensu a gaɓa, kuma a cikin jirgin ya koyi shan abin. Da aiki ya ƙare, ɗaya daga cikinsu ya bar masa butar da kofuna biyu na tangaran. Ruwan da suka tare shi ne ya cinye tsibirin da aka haifi Baba, aka kwaso su zuwa tudu. Ban taɓa jin Baba ya haɗa wannan magana da maganar butar ba. Inna ce ke haɗawa in ranta ya ɓaci. "Sun amshe maka gari sun bar ka da buta," haka take cewa, tana juya ƙwayar gahawar a kasko tana kawar da hanci, wai warin ƙonannen wake take yi. Direbobin da ke kai albasa da bandar kifi kudu suke sayo masa ƙwayar ɗanya. Inna ta soya, ta ɓarza a ƙaramin turmi, ta yi mita, gobe ma ta sake.

Ni ne ɗan fari, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. Da aka yaye ni sai aka kai ni Wara wurin kakata, a can na girma, sai hutu nake zuwa Yelwa. In Baba zai yi maganata sai ya ce "yaron can", da na fara aiki a Sakkwato kuma na koma "mutumin Sakkwato". In na durƙusa a bakin zaure na gaishe shi, zai amsa yana gyara bakin tabarma ko yana kallon bango. Ƙannena kuwa har kan cinyarsa suke hawa, autarmu ma cire masa hula take yi ta gudu yana dariya. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Lokacin da na yi ƙyanda a Wara, Baba ya shigo jirgi ya zo har ƙofar gida, ya tsaya yana tambayar kaka lafiyar awakinta ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana ba shi amsa da labarin zazzaɓina. Bai shigo ba. Da ya ji abin da ya zo ji sai ya juya bakin ruwa.

Wanda ke shan gahawa da Baba wani malamin asibiti ne, mutumin wajen Talata Mafara, da aiki ya kawo shi Yelwa ya daɗe. Malam kawai muke ce masa, shi kuma yana kiran Baba Direba. Kullum bayan asuba zai jingine kekensa a jikin zaure, Baba ya kunna risho, su zauna suna sauraren butar tana ɓul-ɓul. Ba wata hira mai nauyi suke yi ba. Ruwa ya ja ko ya kawo, albasar bana, wane ya rasu, wane ya sayi sabon inji. Su shanye butar tas, kofi bayan kofi, ba madara, sukari ɗan kaɗan. In na zo hutu nakan wuce ta zauren sau da yawa ba tare da wani dalili ba. Gaskiya zan faɗa, kishin Malam nake yi. Baƙo daga wata ƙasa yana zaune gwiwa da gwiwa da ubana, ni kuwa ko tsayuwa mai tsawo a wurin ba ta kamace ni ba.

A Sakkwato na koyi shan gahawar gwangwani wurin mai shayi, wadda ake ɗibar garinta da cokali a kaɗa a ruwan zafi. Abokan aikina suna sha don kada su yi gyangyaɗi a ofis. Ni ban san dalilina ba a lokacin, ko kuma na sani ban so in duba ba.

Da aka yanke Kebbi daga Sakkwato sai aka ce kowane ma'aikaci ya koma jiharsa. Ni ina ofishin gona, aka turo ni gida Yelwa. Malam kuma aka ce ya tattara ya koma can jihar Sakkwato. Motar da ta kawo kayana da na matata ita ta kwashi nasa, direban ma ya ji daɗi bai koma wayam ba. Da safen da Malam zai tafi sun sha butarsu kamar kullum, ina tsakar gida ina kwance ɗaurin katifa, kunnena na zaure.

"To Direba," in ji Malam, "wa za ya taya ka shan abin ga?"

"Allah ba ya hanawa," in ji Baba.

"Ai ga mutumin Sakkwato nan ya dawo."

Na ji Baba yana ta murɗa lagwanin risho, alhali ya riga ya kashe wutar.

Daga nan aka shiga gwaje-gwaje. Da fari ya zuba ruwan kofi ɗaya a butar, ya zauna yana jira, ruwa ya ƙi hawa, zaure ya cika da ƙauri. Sai ya gwada irin ta alhazai, a dafa garin kai tsaye a ƙaramar buta da citta da kanumfari. Ya kurɓa ya ce yaji ya danne gahawar, in magani yake so ai ya san inda ake sayarwa. Ya sa Inna ta yanko masa farin ƙyalle, ya ɗaura a bakin kofi, ya zuba gari, ya riƙa tsiyaya ruwan zafi a kai. Wannan ta ɗan yi dama-dama, sai dai kafin ta gama tsiyayewa ta huce, kuma ba ta da ƙarar da ya saba ji. Ni kuma, da wayona, na sayo gwangwani na ba matata ta ba Inna ta ba shi. Ya kaɗa, ya ɗanɗana, ya ce da ƙarfi yadda duk gidan zai ji, "Wagga ba gahawa ba ta, ruwan wankin tukunya na." Na ji kunya, na kuma ji haushi, na ɗauki babur ɗina na fita ban karya ba.

Sai Baba ya koma cika butarsa, ya shiga neman abokin sha. Ya kira maƙwabcinmu mai gyaran raga. Mutumin ya kurɓa sau ɗaya, ya ɓata fuska, ya ce ko maɗaci ya fi wannan sauƙi, ya tambaya ko akwai madara da burodi. Ya kira wani tsohon abokinsa na jirgi, shi kuma ya sha kofi biyu don kara, washegari ya aiko cewa zuciyarsa ta wuni tana bugawa, a yafe masa. Haka Baba ya koma shan kofi ɗaya ko biyu shi kaɗai, sauran ya fito ya zubar a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Ni kuma kullum in zo in durƙusa in gaishe shi, ƙamshi ya cika mini hanci, in tashi in wuce ta kan jiƙaƙƙiyar ƙasar nan in hau babur.

Abin yana ci mini rai, ba kaɗan ba. Ga mutum yana neman wanda zai sha da shi har cikin 'yan gyaran raga, ga ni a bayan katanga ina so, kuma dukanmu biyu mun sani. Wata rana na fashe wa matata, na ce wannan al'ada ba ta da kan gado, ba a littafi take ba, mutane ne kawai suka ɗora wa kansu. Ita 'yar Sakkwato ce, bakinta ba ya ajiye magana. Ta ce, "Mutum da gemunai yana leƙen zaure awa ɓarawon kaji. In ka isa, tahi ka zamna mana." Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "To, ka gani. Kai ɗin ma yaushe ka taɓa kiran ɗiyakka ta fari da sunanta?" Sai na ce mata miya ta yi gishiri.

Ban san wanda ya fara tunanin ba, Baba ko Inna. Wata safiya dai na fito zan tafi aiki, sai na ji Inna tana magana daga bakin murhu, ba ta kallon kowa. "An aje wani abu bisa dakali. In mai shi bai ɗauka ba, kaji na zuwa su ɓarar." Na fita. A kan dakalin ƙofar gida, kusa da inda nake ajiye babur, ga kofin tangaran an rufe shi da faifai. Na waiga zaure, Baba ya juya baya yana jan carbi. Na ɗauka na sha a tsaye. Ta ɗan huce, tana da ɗaci mai tsabta wanda ba ya kama maƙogwaro, da wani ƙamshi da ban taɓa ji a ta gwangwani ba. Na ɗauraye kofin da ruwan buta na kife shi inda na same shi.

Haka muka yi ta yi, damina ta wuce, aka cire albasa, ruwa ya ja ya kawo. Ba wanda ya taɓa ambaton kofin. Ni dai na san ubana ne ya zuba da hannunsa, ya tashi ya fito ya ajiye, ya rufe don kada ƙuda ya faɗa. Tun da aka haife ni ba wani abu da ya taɓa fitowa daga hannunsa zuwa nawa kai tsaye kamar wannan. Na ce a raina ya ishe ni, ko da iyakarsa ke nan.

A kofin nan na fara gane idonsa yana tafiya, kafin kowa a gidan ya gane. Gahawar da ba ta taɓa sauya ɗanɗano ba sai ta fara. Yau ta zo salam kamar an rina ruwa, gobe ta zo baƙa ƙirin da ɗacin ƙuna. Wata rana na tarar rabinta a kan dakali, kofin kuma a karkace a bakin dakalin. Na fara lura da shi in na zo gaisuwa. Sai na ga yana kai fuskarsa dab da murfin butar har tururi na dukansa, yana ƙifta ido, yana juya kai gefe. Ƙanena ya kai shi asibiti, aka ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, kuma sai ta nuna kafin a yi aiki.

Inna ta gwada taya shi duba gilashin. Ba a kwana da yawa ba aka yi baram-baram. Ita a wurinta da ruwan ya sauya launi to ya yi, ga tukunya na jiranta a wuta. Shi kuma ya ce ba ta da haƙuri, ta ce ita ba ta ga abin haƙuri a ruwan ɗaci ba. Ana cikin haka wata safiya ya zo tsiyayawa ya kuskure kofin, ya zuba wa bayan hannunsa. Fatar ta tashi. Bai yi ƙara ba, sai dai na ji ya ce, "Shi ke nan. Ki ɗauke ta." Inna ta wanke butar ta ɗora can saman jeren kwanoninta.

Dakali ya koma wayam. Kullum na fito sai idona ya je wurin, ko da na san ba komai. Baba kuma ya koma zama a zaure hannunsa a naɗe da ƙyalle, ba risho, ba ƙara, ba mai shigowa sai masu gaisuwa a tsaitsaye. Ya rage magana, ya rage cin abinci. Tsoro ya kama ni sosai. Na ga ɗan abin da ya haɗa mu ya yanke, kuma in na yi shiru haka za mu ƙare, shi a ciki ni a waje, har a zo a ce mini in shigo in yi masa addu'a.

Ba zan iya zuwa in ce masa zan dafa mana ba. Bakina ba zai iya ba, kuma da na faɗa da na sa shi cikin kunyar da sai ya ce a'a. Sai na ce wa matata ta je ta aro mini butar wurin Inna, ta ce za ta goge ta da toka. Ta dawo da butar, da kofunan biyu, da wani ƙulli a leda. Na kwance, sai ga gahawa sabuwar suya, an riga an ɓarza. Matata ta ce Inna ba ta tambaye ta komai ba, ta dai miƙo mata tana kallon wani wuri.

Washegari bayan asuba na fito da risho na ajiye a waje, jikin dakali, dab da ƙofar zaure inda duk motsin da na yi zai shiga kunnen Baba. Na gaishe shi ya amsa. Na zuba ruwa, na cika kwandon, na rufe, na kunna wuta. Ban taɓa dafawa ba, kallo kawai na sha yi daga nesa. Masu tafiya bakin ruwa suna wucewa da kwanduna, wani ɗan kabu-kabu ya rage gudu yana kallon ma'aikacin gona a tsugune gaban risho kamar mai shayi. Ban kula shi ba. Can butar ta fara ƙara, ɓul-ɓul-ɓul da sauri, murfin har rawa yake yi.

Daga cikin zaure na ji muryar Baba, yana magana kamar da bango.

"Wutar ga ta yi yawa. Mai butar ga shi rage ta."

Na rage. Ƙarar ta lafa, ta koma ɗaya bayan ɗaya, da ɗan jinkiri a tsakani.

"Haka nan," in ji shi. Sannan ya ce, "Ko wane launi ta kai yanzu."

Ni ma sai na amsa wa dalbejiya. "Kamar ruwan gulbi in an yi ruwan fari."

"Da saura."

Muka jira. Ina kallon ruwan yana bugun gilashin yana komawa, kowane bugu ya fi na baya duhu kaɗan.

"Yanzu fa?"

"Kamar jiƙon tsamiya."

"A ɗan ƙara mata."

Da ta kai launin tsohuwar zuma na faɗa, ya ce a sauke, a bar ta ta natsu kafin a tsiyaya. Na bar ta. Na zuba kofi biyu, na sa sukari kaɗan yadda na ga yana yi. Na ɗauki nasa na shiga zaure, na durƙusa, na ajiye kusa da hannunsa mai lafiya, na ɗan ƙwanƙwasa kofin a ƙasa don ya ji inda yake. Ya lalubo ya ɗauka, ya shinshina, ya kurɓa. Bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Na miƙe zan koma waje in sha tawa a tsaye yadda na saba.

Sai na ji tabarma ta yi ƙara. Ya matsa gefe, ya janye bakin rigarsa.

"Rana ta hito can waje," in ji shi. "Ɗauko taka ka zamna nan. Ka taho da butar."

Na ɗauko. Na zauna a bakin tabarmar, rabin jikina a ƙasa, kaina a sunkuye. Ban san abin da ake cewa ba, shi ma ina jin bai sani ba. Muka yi ta kurɓa. Can ya tambaya ko ruwa ya kai gindin tsamiyar mashaya, na ce ya wuce ta, har an matsar da jiragen Wara sama. Ya ce bana ya yi saurin kawowa. Inna ta taho da kwanon kunu, ta kai bakin zaure ta gan mu, ta juya da kwanonta.

Sai Baba ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya wajena. Tun ina yaro nake jiran ya dube ni haka, ranar da ya duba kuwa yanar ta riga ta rufe idon, fari fat, ba ya ganin komai sai inuwa. Na daure na bar kaina a ɗage, na dube shi ni ma.

"Ta yi maka ɗaci?" ya ce.

Na ce, "A'a, Baba."

Ya miƙo kofinsa wajen da ya ji muryata, na riƙe masa hannu don kada ya motsa, na ƙara masa.